Dakta Saura-Ƙiris da Sikelin Awon Ilimi

Wata ranar Talata mai gadin laburare ya zazzage jakar maƙwabcinmu Oga Lukmanu, sai ga sikelin awon nama ya faɗo ƙasa, tim! Ɗalibai suka fashe da dariya. Oga bai ji komai ba. Ya gyara gilashi, ya shafa tumbi, ya ce, "Kayan bincike ne. Ku yara ba za ku gane ba."

Gaskiyarsa. Mu ma nan Kubwa mun shekara shida ba mu gane ba. Mataimakin darakta ne a ma'aikata, yana neman digirin dakta kan waƙoƙin daka na matan da. In ya samu, kujerar darakta tasa ce. Tun shekarar farko ya sa aka rubuta "Dr." a get ɗinsa, shi ya sa muke kiransa Dakta Saura-Ƙiris.

Allah ya ba shi basirar tantance littafi. Wasu wahalallu sai sun karanta. Oga awo yake yi. Littafin da bai kai kilo ɗaya ba, jita-jita ce. Mai kilo biyu da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, wannan ko kotu ba ta musa shi.

Matarsa Safiyatu kuwa kullum tana daka yaji tana waƙa a bayan gida. Ta taɓa cewa, "Baban Nabila, ko in rera maka ka rubuta?" Ya ce, "Hajiya, ke ba madogara ba ce. Ina bangonki? Ina shekarar bugu?"

A ranar sikelin nan ya haƙo dukiya: kundin wata ɗaliba, kilo biyu da rabi. A shafi na casa'in ya tsinci waƙa:

Ga mai tumbi, ga mai gilashi,
Ya cinye nama ya bar min ƙashi,
In ya yi minshari kaji su tashi.

Oga ya rubuta babi guda a kanta. Ya tabbatar da cewa wani azzalumin basarake ake nufi, shekara ɗari uku da suka wuce. Gilashin kuma hujja ce cewa fataken Larabawa sun iso da tabarau tun zamanin. Shafukan ƙarshen kundin bai buɗe ba, don a cewarsa nan ƙananan mutane suke taruwa.

Ranar kare digiri ya cika mota da mu, mu je mu tafa. Ya rera baitin da murya mai kauri, tumbi na rawa. Farfesa Yamusa, mai jarrabawar, ya sa aka kawo kundin, ya juya can baya, ya karanta: "An ɗauko daga bakin Safiyatu Lukmanu, Kubwa, shekara huɗu da suka wuce. Ta ce ta yi wa maigidanta ne."

Safiyatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Farfesa ya ce a dawo baɗi.

A mota, kan hanyar komawa gida, Zulkifilu mai wanki ya kasa daurewa: "Oga, ashe azzalumin basaraken da mu yake sallar asuba."

Oga ya juyo, ya dube shi ta saman gilashi.

"Ni dai matata tana laburare, kilo biyu da rabi, da ruwan zinare. Kai shekara ashirin da aure, ko baiti ɗaya an taɓa yi maka?"