Yadda Za Ka Zaga da Surukinka Ganuwar Gari Ba Tare da Ka San Komai Ba

Surukinka tsohon magini ne, bai cika magana ba. Kai kuwa tun ranar da ka auri 'yarsa ya raɗa maka suna Rediyo, kuma sunan ya bi ka har wurin aiki. Ga shi ya zo garinku, ya ce abu ɗaya yake so: a kai shi ya ga tsohuwar ganuwa. Shekararka shida a garin ba ka taɓa hawanta ba, alhali a waya ka sha gaya masa can kake shan iska duk ƙarshen mako. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari daga ranar ba zai sake kiranka Rediyo ba. Na gwada da kaina.

1. Kada ka karanta komai

Matarka za ta miƙo maka waya ta ce, "Don Allah ko layi biyu ka duba, Baba ba ya son shaci-faɗi." Ka yi mata murmushin masana. Karatu na wanda ba shi da baki ne. Tarihi kuwa ba shi da shaidu, duk waɗanda suka gani sun mutu.

2. Ka kori ɗan jagora

A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai riƙe da lema, aikinsa ke nan zagawa da baƙi. Zai ce, "Alhaji, a zaga da ku?" Ka ɗaga masa hannu ka ce, "Mu 'yan gari ne." Daga nan ka nufi ƙofar fita da ƙarfin gwiwa, har sai mai gadi ya juyo da ku. Ka ce wa Baba da can ta nan ake shiga, kwanan nan suka canja.

3. Matakala

Ɗari da wani abu ne, kuma wanda ya sassaƙa su bai ƙaunaci ɗan Adam ba. A ta arba'in numfashinka zai fara fita da ƙara. Kada ka ce ka gaji. Ka tsaya, ka dafa bango, ka lumshe ido ka ce, "Baba, a nan nake tsayawa in tuna magabata." Shi mai shekara saba'in zai wuce ka hannunsa a baya, ya jira ka a sama.

4. Duk rami kibiya ce

Wannan ita ce babbar dokar sana'ar. Ka ga rami a bango, kibiyar abokan gaba ce. Babban rami, mashi. Inda dutse ya yi baƙi, tafasasshen mai aka zubo wa mahara. Idan Baba ya leƙa wani rami ya ce, "Wannan kamar inda ake cusa katakon da magina ke takawa," ka yi dariya cikin ladabi ka ce, "Haka kowa yake zato, Baba." Shekara kuwa kada ka yi rowarta. Komai ɗari bakwai ne, har kwandon shara.

5. Kada shirunsa ya tsorata ka

Za ka lura ba ya kallon hasumiya, ba ya kallon garin da ke shimfiɗe a ƙasa. Tafe yake yana shafa bango, yana ƙirga taku a hankali daga ƙofar yamma, kamar mai neman abin da ya yar. Ka ɗauka bayaninka ne ya ratsa shi. Ka ƙara murya.

6. Ka ajiye babbar ƙarya don ƙarshe

Can kusa da wata kusurwa Baba zai tsaya cak. A tsakanin duwatsu, daidai ƙirji, akwai shaidar babban yatsa a cikin kwaɓin ginin, ta ɗan karkace. Ga damarka. Ka sassauta murya ka ce, "Baba, wannan yatsan sarkin yaƙi ne. Ranar da aka kewaye garin ya dafa nan ya rantse ba zai gudu ba. Shekara ɗari bakwai, ko gezau ginin bai yi ba. Magina irin na da sun ƙare."

Zai dube ka. Sannan ya ɗaga babban yatsansa na dama, wanda guduma ta karkatar tun kafin a haifi matarka, ya sa a ramin. Zai zauna daram.

"Shekara talatin da huɗu," zai ce. "Ruwa ya zubar da nan, aka kawo mu gyara. Duk inda na tashi aiki sai na danna yatsa, don in ya faɗi a san wanda za a zaga. Zuwa na yi in ga ko yana nan."

7. Rufe baki

Wannan matakin ya fi matakalar wuya. Za ka ji kunya har cikin ƙashinka, ka yi fatan ganuwar ta yi aikinta ta ɓoye ka. Shi kuwa bai ko kula da kai ba, yana ta shafa bangon, idonsa ya kawo ruwa. Zai miƙo maka wayarsa ya ce, "Ɗauke ni a nan. Ka tabbata yatsan ya fito." Ka ɗauka, kada ka yi sharhi.

8. Sakamako

A gida matarka za ta tambaya yaya yawon. Baba zai kurɓi ruwa ya ce, "Mijin nan naki maƙaryaci ne na gaske. Amma shekara arba'in ina gini, ba wanda ya taɓa cewa aikina zai kai ɗari bakwai sai shi." Zai tura hoton ga dangi kaf, har da bayanin sarkin yaƙi.

Kamar yadda na alkawarta, Rediyo ya mutu daga ranar.

Gargaɗi: marubucin ba shi da hannu a ciwon gwiwa, ko dariyar ƙannen matarka, ko duk abin da ya biyo baya. Cewa na yi za a daina kiranka Rediyo, ban ce za a bar ka haka ba. Mai ƙorafi ya zo gidan surukaina ya tambayi Ɗari Bakwai, kowa zai nuna masa ni.