Shafi na Tara da Huhun Goron Idirisa

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Kamfanin Tafiye-tafiye na Farin Yashi, Maraɗi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, a gafarce ni da na katse muku aiki. Da abin na jira ne, wallahi da na jira.

Ni manomin rani ne a Jiratawa. Ɗana Idirisa, malamin asibiti a ƙasar tsibiran nan ta Musulmi da kuke kai mutane, ya ga yarinya, Samira, iyayenta kuma sun ce uba ya zo ya nema masa. Ni ne uban! Tun isowar labarin na kasa zama. Ranar da na zo wurinku, ina ba mai kabu-kabu labari har muka wuce ƙofarku sau biyu.

Ɗan littafin jagora da kuka ba ni na karanta shi sau goma sha huɗu, ina kuma jinjina muku. Sai 'yan abubuwa.

Na ɗaya: kun ce tudun ƙasar mafi tsawo bai kai tsayin mutum biyu ba, kuka jera hakan cikin abubuwan sha'awa. Ranka ya daɗe, shekara talatin ina ban ruwa, na san inda ruwa yake nufa. Duk da haka na amince, na fara koyon iyo a magudanar gonata, da riga da hula, tunda shafi na huɗu ya ce baƙo ya kiyaye sutura.

Na biyu: kifi da kwakwa safe da rana da maraice. Madalla. Gero ban gan shi ko a hoto ba, wataƙila wajen bugawa ya faɗi.

Na uku shi ya hana ni sukuni. Shafi na tara ya ce ba a shiga da ɗanyun 'ya'yan itace. Goro fa? Huhuna yana ɗaure, fari da ja, ƙanwata Fatimatuzzahra ta zaɓe shi ɗai-ɗai. Wa ya taɓa neman aure hannu rabbana? In zauna gaban surukai in kwance me, littafinku? Faɗuwar rana ta samu shafi uku, mai zuwa neman aure bai samu layi ba. Na koma na tambayi sakatarenku, cikin karamci ya ƙara mini littafi. Yanzu ina da biyu, kowanne da shafi na tara.

Jirgi ranar Laraba ne. Ina roƙon amsa a rubuce, da hatimi:

1. Goro ɗan itace ne a dokar can, ko suna ganin girmansa?
2. In an ƙwace shi, wa zai yi wa mahaifin Samira bayani, ni ko ku?
3. Goro nawa aka yarda matafiyi ya shiga da shi a kunci? Na gwada, shida nake ɗauka, amma sallama ba ta fita.

Naka mai biyayya har bakin teku,
Maman Lawali, uban ango in Allah ya yarda,
Jiratawa.