Tsibin Ɗinyar Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ɗauko matata a wani ƙauye bayan Malikanchi ba. Ko na so mantawar ma, danginta sun ɗauki nauyin tuna mini.

Rakiya ta je gida wankan jego, haihuwar fari. Arba'in ta zo ta wuce, shiru. Duk saƙon da na aika sai a ce Inna, wato surukata, ta ce a bari sai an yi kaka, yarinya ta ƙara ƙwari. Ni kuwa ina Ikara, da safe in koyar da 'ya'yan mutane labarin ƙasa, da yamma in ƙona shinkafa. Sai na yanke shawarar zuwa da kaina, su ga cewa 'yarsu a hannun mai nutsuwa take. Na sa farar shadda, na karya hula, na hau babur.

Aka yi mini shimfiɗa a zaure, aka kawo dambu da ƙwaryar fura. Tun safe ban karya ba, amma wane suruki ne zai zauna ya buɗe ciki a gidan surukai? Na taɓa furar da leɓe na ce alhamdu lillahi. (Cikina ya so ya ba da shaida, na danne shi da tari.) Aka ce maigidan sai bayan la'asar, Inna kuma ta fita. Na ce to bari in taka in ga gari.

Ƙarshen damina ne. Dawa ta kere ni tsawo, hanya siririya ta yi ta jana har bakin fadama, kuma a nan na ga wata bishiyar ɗinya. Shekara da shekaru ina zana wa yara dazuzzukan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, ashe ga abin kallo a bayan gidan surukaina. Gindinta sai mutane sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Ƙarƙashinta sanyi da ɗan duhu kamar cikin tsohon masallaci, rana na ɗigowa ta tsakanin ganye, tsuntsaye a sama kowa da karatunsa. Jifa-jifa sai ka ji tim, wata ta faɗo. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya taɓa zuba mata taki, amma ga ta tana ciyar da tsuntsu da jemage da akuya da mutanen gari. Na daɗe a tsaye ina tasbihi.

Da na duba ƙasa sai abin ya ƙara kashe mini jiki. Ɗinya ce tsibi-tsibi, baƙaƙe nunannu a gefe, kore a gefe, kowane tsibi da ɗan ganye a kansa. Na ce ikon Allah, har da tsari. Nan take na samo dalili irin na masana: ruwan sama ne ya gangaro da su, nunannu sun fi nauyi, shi ya sa suka ware. Har na fara tsara yadda zan bayyana wa 'yan aji uku.

Na ɗauki ɗaya don bincike. Zaƙinta ya ratsa ni kamar maɗi. Binciken ya faɗaɗa. Na naɗe hannun riga, na tsuguna gaban tsibin da ya fi girma, ina jefawa bibbiyu, ina ajiye ƙwallon a kumatu don kada tofarwa ta ɓata mini lokaci. Hular ma na cire na cika ta. (Wai tsarabar Rakiya.)

Sai na ji sallama a bayana.

Mata ne ɗauke da ƙore, sun dawo daga rafi. A gaba Inna. Kusa da ita Iya, kakar Rakiya, wadda tun ranar ɗaurin aure take kirana angonta. Da yake a tsugune nake, rabin ladabi ya riga ya samu, saura gaisuwa. Na buɗe baki in ce ina wuni, ƙwallayen suka zubo kan farar shadda, kowanne da baƙin sawunsa.

Abin da Inna ta yi har yau yana ba ni mamaki. Ba ta yi dariya ba, ba ta ɗaure fuska ba. Mayafi ta ja, ta juya baya, ta shiga kallon gonar dawa kamar yau ta fara ganin dawa a duniya. Sauran matan ma duk suka juya. Na ga jami'a, na ga manyan taro, ban taɓa ganin tarbiyya irin ta wannan juyawar ba.

Iya ce kaɗai ba ta juya ba.

"Angona, ashe kai ne birin? Tun hantsi uwar matarka ke sunkuye tana tsintar abin da ka zauna a kai. Yi murmushi mu ga haƙoran."

Ta ƙara mini da darasi kyauta, cewa ko ɗan yaye ya san tsibin da aka ɗora wa ganye yana da mai shi.

Bayan la'asar maigidan ya dawo. Na taho da jawabi mai gabatarwa da hujjoji, amma haƙora da harshe sun yi baƙi ƙirin kamar na sha tawada, don haka na yi ta gaisuwa baki a rufe. Na riga na sallama cewa Rakiya sai kaka, wataƙila ma sai ta baɗi. Can sai muryar Inna ta fito daga bayan katanga, a hankali, kuma ba da ni take ba, da maigidan take.

"Malam, a haɗa wa yarinyar nan kayanta gobe. Bawan Allahn nan ba ya samun abinci."

Haka yunwa ta ci mini shari'ar da ilimi bai ko buɗe baki a cikinta ba. Tun daga ranar, in na ga arziki a daji ya jeru tsaf, ina yin tasbihina, sannan in waiga. Allah ne ya bayar, ba musu, amma akwai wadda ta sunkuya.