Mati Sha-Dafi da Macijin Tagulla

Wani mutum ne a garinmu, Mati Sha-Dafi. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ba wanda ya taya shi. In ya zauna a majalisa sai ka ji wai ya yi rawani da gamsheƙa, ya yi ɗamara da mesa, ya yi asuwaki da jelar kububuwa. Amma fa ko tsaka ba wanda ya taɓa ganin ya kama. In maciji ya shiga gidan wani, sai an kashe an binne Mati zai iso yana huci, yana cewa, "Kash! Kun yi gaggawa."

Da Sarkin Gardi ya rasu, Mati ya ƙwallafa rai a kan sarautar. Dagaci ya ce gani ya kori ji, sai ya ga aiki da idonsa. Ana cikin haka yayan matarsa, Alhaji Sallau mai fataucin duwatsu masu daraja, ya tafi da shi ƙasar Tailan don ya riƙa kama masa kaya.

Ran nan da la'asar suka bi ta wani wurin ibadar mabiya Buddha. A farfajiya ga wani shirgegen maciji na tagulla, kai bakwai, kowane baki a wangame. Mutane na ta ajiye masa furanni da ƙwai.

Alhaji ya ce, "Naga suke ce masa. A wurinsu shi ya yi wa Buddha laima da kawunansa ranar da aka tafka ruwan sama."

Mati ko sauraro bai yi ba, dabara ta riga ta faɗo masa.

"Alhaji, kira mini majalisa ta bidiyo. Ka matso da wayar, kan macijin guda ɗaya za ka nuna. A waya wa zai gane tagulla?"

"Mati, ka ji tsoron Allah. Wurin mutane ne fa."

"Kai dai riƙe waya."

A gida hantsi ne, majalisa ta cika maƙil. Dagaci ya karɓi wayar, jama'a suka yi masa rumfa. Gogan naka ya naɗe hannun riga, ya gyara kambun layun da ke damtsensa, ya ɗaga murya.

"Sai ni Mati! Na shanye dafin gida, na fito shan na waje!"

Ya zurma hannu cikin bakin na tsakiya har kafaɗa.

Abin da bai sani ba, kullum war haka wani tsohon malamin wurin ibadar yakan buɗe famfo ta bayan macijin. Ruwa ya fito ta bakunan macijin, masu ibada su tara hannu su shafa a ka don neman albarka. Kuma ka san halin famfo, iska ke riga ruwa fitowa.

Fsssss! Kai bakwai suka yi huci a tare. Sai wani abu mai sanyi ya lashi yatsun Mati.

"Wayyo Inna! Ya sare ni!"

Ya fizgo hannu, kambu ya maƙale a haƙorin macijin. Ya ja, abu ya riƙe. Ya sake ja, ɓas! Layu suka watse, Mati ya zube rub da ciki a gindin gunkin. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. To shi ba a taɓa saransa ba, gudun ma ya gagare shi. Ruwa na zubo masa a ƙeya, yana cewa, "Na tuba, ranka ya daɗe! Wallahi ko ƙadangare ban taɓa kamawa ba!"

Wata tsohuwa ta matso a natse, ta rataya masa sarƙar furanni a wuya, ta yi magana da harshensu.

Mati ya ɗago kai da ƙyar. "Alhaji, me ta ce? Mutuwa zan yi?"

"Ta ce shekara hamsin tana zuwa nan, ba ta taɓa ganin mai ladabi ga Naga kamarka ba."

Ashe Alhaji bai kashe wayar ba. Har ya ja da baya, kowa ya ga gunki, ya ga famfo. Majalisa ta ɓarke, wani har da faɗowa daga benci. Dagaci ya share hawaye da bakin rawani, ya ce:

"Sallau, sarauta dai za mu nemi mai ita. Shi kuwa surukin naka in ya dawo, na kafa doka: duk mai buɗe famfo a garin nan, ya fara yi wa Mati sallama."