Kujerar Moisés

In ana lissafin manyan garin Cotuí, da Don Eleuterio Pichardo ake farawa, a huta, a sha ruwa, sannan a tuno da sauran. Injin casar shinkafa biyu gare shi, ɗaya ma yana aiki. Katin sunansa layi shida ne, kuma duk gaskiya ne in ka cire biyar. 'Ya'yansa tara, yana iya kawo sunan kowa in an ba shi lokaci. Sau uku ya je Madrid, don haka masu buga domino a gindin mangwaro suka naɗa shi Sarkin Gajimare. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ƙashi ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: Moisés Tavárez, wanda ya kayar da shi a zaɓen shugaban ƙungiyar masu casar shinkafa. Tun ranar, ko a coci aka ambaci sunan, sai tari ya sarƙe shi.

Tafiya ta huɗu zuwa Madrid jirgin rana ne, awa takwas a sama. Sarkin Gajimare ya shigo cikin farar rigarsa mai aljihu huɗu, ta sha guga har tana yankan iska. Tikitinsa ya ce layi na arba'in da ɗaya. To amma lamba ai don talaka aka yi ta. Ya hangi kujerar nan mai fuskantar bango, inda ƙafa ke miƙewa son ranta, ya zauna, ya tuɓe takalmi, ya shiga karantar da tsohuwar da ke gefensa, Doña Fefa, mai rungume da kwalin alewar madara.

"Uwata, in jirgi ya sauka kada ki bi 'yan ƙauye ki tafa. Mu da muka saba, gyaɗa kai kawai muke yi."

Sai ga Yuberkis, mai gyaran gashi, da jariri ɗan wata huɗu a kafaɗa. Wurin mijinta za ta, mai aikin gini a can, wanda bai taɓa ganin yaron ba sai a waya. Aiki aka yi mata wajen haihuwa, har yanzu in ta daɗe riƙe da shi sai ɗinkin ya ɗaure mata ciki. Shi ya sa tun wata guda ta yi ta buga waya har aka ba ta wannan kujerar, domin a bangon nan ne kaɗai ake maƙala gadon jariri. In ta rasa ta, awa takwas yaron yana kan ɗinkin.

"Kawu, ina jin wurina ne," ta ce a hankali.

"'Yata, jirgi faɗi gare shi. Ni likitan Madrid ne ya ce in riƙa miƙe ƙafa. Na Madrid fa, ba na nan ba."

Ma'aikaciyar jirgi ta iso, ta duba takardu biyun. "Ranka ya daɗe, wannan wurin na moisés ne. Tun wata guda aka kama shi."

A wajenmu, ɗan kwandon da ake kwantar da jariri, moisés ake ce masa, wato Musa, saboda wanda uwarsa ta sa a kogi. Duk wanda ya taɓa jijjiga yaro ya san haka. Amma uban tara bai taɓa ɓata lokacinsa da irin waɗannan ƙananan ilimai ba. Tarin nan ya taso.

"Na Moisés? Har a sama? Ya ƙwace ƙungiya, yanzu gajimaren ma sai ya riga ni? Shi ne ya turo mace da goyo ta kama masa wuri, don ya san ni mai tausayi ne!"

Doña Fefa ta buɗe baki. "Don Eleuterio, ai..."

"Uwata, maganar maza ce."

Ta rufe bakin da alewa.

Ya zaro waya, ya danna zauren hirar ƙungiya na waya, mutum sittin da biyu, ya ɗaga murya yadda har na layin baya za su amfana: "'Yan'uwa, Eleuterio ne daga cikin jirgi. Yau ga ni zaune daram a wurin Moisés. An ce in tashi, na ce in ya isa ya zo da kansa. Wurin nan ni ya dace da shi, kuma ya yi mini daidai kamar an auna." Ya tura.

Yuberkis tana tsaye, ta sauya yaron zuwa ɗaya kafaɗar, hannunta ɗaya dafe da ciki. Layin mutane ya taru a bayanta.

"Ba na motsawa sai ya tako da ƙafarsa!" in ji Don Eleuterio.

"Ba shi da ƙafa, ranka ya daɗe," in ji ma'aikaciyar. "Amma bari in ɗauko shi."

Ta dawo rungume da ɗan kwando mai ruwan toka, da 'yar katifa da ba ta kai matashin kai ba. Ta ɗora masa a cinya. "Ga shi. Ku gaisa."

Dariya ta fara daga gaba, ta gangara layi layi har ta iske arba'in da ɗaya tana jiransa. Wani daga tsakiya ya ce, "Gwada shi mana, shugaba, ka ce an auna!"

Babban mutum ba ya faɗuwa, sai dai ya zauna da sauri. Ya miƙe yana laluben takalmi. "Ai da ma na sani. Tsare wa yaron wurin nake yi. In ba irinmu, wa zai kula da raunana?"

"Allah ya saka, kawu," in ji Yuberkis, ta zauna tana sauke numfashi.

Kafin ya kai ga goge saƙon, aka tsaya a kansa sai da ya kashe waya. Magana kuwa zarar bunu ce. Awa takwas ya yi a jikin ƙofar banɗaki, gwiwa a haɓa, duk mai shiga sai ya rusuna ya ce, "Moisés yana gaishe ka." Shi kuwa yaron, da jirgi ya daidaita aka maƙala masa kwandonsa, ya ƙetare teku yana barci, uwarsa ma haka.

Da tayoyi suka taɓa ƙasa, jirgi ya ɗauki tafi, Doña Fefa har da guɗa. Sarkin Gajimare bai ko gyaɗa kai ba, waya yake kunnawa. Ashe wata jikar sakataren ƙungiya tana layi na tara, ta riga shi kunna tata, hoton da ta ɗauka ya isa Cotuí: shi, da farar riga, da kwando a cinya.

A ƙarƙashin hoton, Moisés Tavárez ya rubuta layi biyu kacal:

"Don Eleuterio, wannan kujerar na bar maka ba hamayya. Sai dai an ce kilo sha ɗaya take ɗauka."