Rasuwar Agogon Yaya Issouf

A gafarce ni. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai malamin lakkwal, makarantarmu ta boko. In da kuskure, a rufa mini asiri.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Habsatu, a madadin Innarmu, nake sanar da rasuwar agogon yayana Issouf, baƙin nan mai kaurin jiki da maɗaurin roba, wanda ya cika ranar Talata a gonarmu ta Barmu, yana da shekara bakwai ba wata biyu.

Marigayin jarumi ne. Ya yi gola tare da Yaya a filayen ƙwallon Tawa, ya sha ƙasa bai tsage ba. Ya faɗa rijiya a Affala, ya kwana biyu, aka ƙwaƙulo shi yana ba da lokaci daidai. Jaki ya taka shi. Ya yi alwala da wanki ba adadi, ruwa bai taɓa ganin cikinsa ba. Magana ɗaya gare shi, ƙarfe huɗu na marece: "tit-tit, tit-tit." Lokacin ƙwallon Yaya ke nan. Ba wanda ya iya kashe kukan, Inna kuma ta hana a koya. In ya yi, takan tsai da taɓarya ta dubi ƙofa.

Ran da Yaya zai tafi biɗa Abijan, ya ɗaura mini shi a tasha, sai da ya huda sabon rami da ƙusa saboda sirantar hannuna. Ya ce pil ɗin, wato batirinsa, shekara bakwai yake yi, kuma kafin ya ƙare zai dawo. Shekara biyu ke nan ba mu ji muryarsa ba.

Ciwon ajali kuwa, ni na jawo. Da na ga lambobin sun fara dushewa, tsoro ya kama ni. Na ce in pil ya mutu babu Yaya, me zan gaya wa Inna? Sai na kai shi kasuwa a ɓoye a sa sabo, don in ƙara wa alkawarin kwana. Mai gyaran ya buɗe bayansa, wani siririn zoben roba ya faɗo. Na ɗauka datti ne, ni da kaina na hure shi daga tebur. Ashe shi ke tare ruwa.

Ruwan shuka na farko ya same mu a gona. Hazo ya kwanta cikin gilashin. Na binne shi cikin gero kwana uku ko zai tsotse danshin. Ranar Talata, ina gona da shi a hannu, ya ce "ti…", bai ƙarasa ba.

Ya rasu ya bar Inna, wadda har yanzu take tsai da daka ƙarfe huɗu, da ni, da wani farin zane a wuyan hannuna inda rana ba ta taɓa ba.

Ba za a yi masa wanka ba, ruwan ya isa haka. An naɗe shi cikin kallabina, an sa a akwatin Yaya. Ba za a rufe shi ba sai mai shi ya zo. Ba a buƙatar zaman makoki. Mai son yi mana gaisuwa, in hanyarsa ta bi Abijan, ya nemi Issouf ɗan Tawa, gola, mai tabo a gira, ya ce masa lokaci ya yi.

Zan liƙa wannan a bangon tasha yanzu da ake ta lodin mota, in wuce kafin wani ya ɗago kai.