Kiɗan Japan a Gidan Dambe

Wani ma'aikacin ofis a garinmu ya sayo wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, wadda ake kira ukulele. Wata uku ya yi yana kallon waya har ya koyi wani salon kiɗa na mutanen Japan, mai sauti biyar kacal, dukansu masu sanyaya jiki. Daga nan ya ɗauki kansa makaɗi. Da ya ji cewa mataimakin Baba Ɗanjuma, tsohon makaɗin 'yan dambe, ya koma ƙauye, sai ya saɓa jitarsa ya tafi neman gurbin. Ya tarar da tsohon yana ɗaure kalangu, gefensa kuwa ga Guduma, ɗan damben da zai kara washegari, yana naɗe hannu da zare.

Mai jitar ya ce, "Baba, na zo in fitar da ku daga duhu. Wannan hayaniyar da kuke yi da fatar akuya ta tsufa. Kiɗan da na kawo, shi jaruman Japan ke saurara kafin su zare takobi."

Baba Ɗanjuma ya dubi jitar ya ce, "Wannan da ka rungumo, ta gama girma ke nan, ko yaye ta aka yi da wuri? To, ga Guduma nan. In ka sa shi tsuma, aikin naka ne."

Mutumin ya lumshe ido ya shiga kaɗawa a hankali, sauti ɗaya na bin ɗaya kamar ɗigon ruwa daga rufin da ke yoyo. Guduma ya daina naɗin hannu. Can ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Baba, ara mini wayarka in nemi gafarar Inna. Duniyar nan ba komai ba ce."

Mutumin ya washe baki ya ce, "Ka gani ko? Ya ratsa shi har ɓargo! Shekara nawa kana buga kalangu ba ka taɓa masa zuciya haka ba? Yaushe zan fara?"

Baba Ɗanjuma ya ce, "Gobe, in Allah ya kai mu, ɗana. Ka zo da wuri, in nuna maka inda abokin karawarmu yake zama."